Kofin Farko Ya Tsallake Ni

Madawa, daren Laraba, cikin hutun damina

Taubashina Isufu ya dawo daga iniversite, yau sai ga shi a fadarmu, inda muke taruwa shan shayi da hira. Tun da muka kafa fadar nan ni ke fassara ma samari labaran siyasa, ni Sani mai shayi ke miƙa ma kofin farko. Ban wuce firamare ba, amma wace jarida ta shigo garin nan ban karanta ba?

Na ce duk matasan yankinmu na Adar sun gaji da zaɓe. Isufu ya yi murmushi. "Taubashi, mutum nawa ka tambaya? Ƴan kabu-kabun bakin tasha su ne Adar?" Wai a darasin istatistik, ilimin ƙididdiga, sai ka ji na garin Buza da na Keita, har ƴan mata, kafin ka ce "duk".

Na ce, "Kai da ka tafi karatu da wandona?" Aka fashe da dariya, amma Sani ya tsallake hannuna ya ba shi kofin.

Da za mu watse Isufu ya ara mini littafinsa na istatistik. Faransancin ina ganewa, lissafin ne ya ƙi ni. Shi an zaunar da shi an koya mishi. Ni wa zan tambaya? Shi? Wallahi abin da ya hana ni barci ke nan.