Sunaye Goma Sha Biyar a Kwamfutarka

Baban Safiya,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu lorin da ke zuwa inda kake. Amma tun safe na kasa zama wuri ɗaya, na share shagon nan sau uku, to gara in rubuta.

Mutanen gida lafiya. Na fita takaba makon jiya. Safiya ta koma makaranta Tamale, doyar da ka shuka a hanyar Saboba ta yi kyau, ƙanena ya haƙe ta. Yendi tana nan yadda ka bar ta, a kawo wuta a ɗauke.

Ranar da na buɗe shago, na yaye zanen da ka rufe kwamfutarka da shi, na kunna ta. Ka tuna wurin nan da ka nuna mini, wanda in an danna sai ya jero sunayen abubuwan da aka buɗe kwanan nan? Goma sha biyar yake riƙewa, in an buɗe sabo, mafi daɗewa ya fita. Kai da shi kake aiki kullum, don ba ka son neman abu cikin folda, kamar yadda ba ka taɓa neman hularka da kanka ba.

Sai ga makonka na ƙarshe a jere. Katin ɗaurin auren ɗan limaminmu, jarrabawar 'yan aji shida, takardar neman aiki ta wata nas, wadda na tuna ka gyara mata sau huɗu kana gunaguni. Can a tsakiya kuma na ga an rubuta: Yaya Sidi.

Tun ranar ban buɗe sabon aiki a kanta ba. Duk wanda ya kawo rubutu, a tsohuwar tafireta nake buga masa. Wani malamin sakandare ya yi mini dariya, ya ce ai fayil ba ya ɓacewa don ya fita daga jerin, yana nan cikin folda. Na sani mana. Amma folda za ta faɗa mini abin da hannunka ya taɓa kafin ka kwanta?

Kwana uku ina kewaya sunan nan kafin in iya buɗe shi. Wasiƙa ce zuwa ga yayanka a Bawku. Ka gaishe shi, ka tambayi idanunsa, sannan ka rubuta: "Maganar littattafan Kaka, na yi tunani, gara da suke wurinka, domin". Nan ta tsaya. Domin me, Baban Safiya? Wuta aka ɗauke? Wani ne ya shigo? Ko takuna ka ji a bakin ƙofa ka rufe?

Wannan na ƙarshen shi ke hana ni sukuni, don na san abin da na yi. Lokacin da ruwa ya shiga ɗakin Kaka a gidanku na Salaga, Yaya ya kwashe littattafan ya tafi da su Bawku ba tare da ya shawarce ka ba, fushinka bai wuce na kwana biyu ba. Ni ce na ce an mai da kai yaro. Ni ce na riƙa maimaitawa duk ranar da ka ambaci Bawku, har aka yi shekara goma sha ɗaya ba kwa gaisawa. Da Sallar bara ka ce za ka rubuta masa, na ja tsaki na fita. Ban taɓa ba ka haƙuri ba, ina ganin akwai lokaci.

Yaya ya zo ranar sadakar uku. Ya zauna a bakin zaure, bai ci abinci ba. Ya aiko gwaggonku ta tambaye ni ko ka ambace shi kafin ka cika, na ce ban sani ba. Tsoho ne, ba shi da lafiya, kuma har yau yana zaton da fushinsa ka tafi.

Jiya na gwada ƙarasa maka maganar. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, ko kaɗan bai yi kama da kai ba. Da zan rufe, kwamfutar ta tambaya ko ta ajiye abin da na ƙara, na danna a'a. Na buga wasiƙar a takarda yadda ka bar ta, na ninke na sa cikin jakata, kuma tun ɗazu na duba ta ya fi sau goma.

Gobe zan hau lorin Tamale, daga can in wuce Bawku. Idanunsa ba sa ganin rubutu, don haka ni zan karanta masa. In na kai inda ka tsaya, zan ajiye takardar in faɗa masa da bakina wanda ya hana ka ƙarasawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Ka yafe mini.

Matarka,
Uwar Safiya