Takwas ɗin da ta koma uku

Anti, ki taimake ni don Allah, ranar Asabar asirina zai tonu, kuma yau Talata.

Maigidana mutumin kirki ne, ba ya shan taba, ba ya yawo. Cutarsa ɗaya: tara wuƙaƙe. Ba irin waɗanda ake naɗewa a sa a aljihu ba, masu kube. Yana da ashirin da bakwai a kabad ɗin gilashi a falo, kullum sai ya goge su da mai, ni kuwa a kicin da wata dakusasshiya nake fama. Akwai guda da ya gada wajen mahaifinsa, mai baƙar ƙota, wadda kamfanin da ya ƙera ta ya daina yi tun kafin a haife ni.

Shekara shida da suka wuce maigidan ya yi tafiya, na yi baƙi, mabuɗin gwangwani ya ɓata. Na buɗe kabad na ɗauko ta gadon nan, don ita ce ta fi kama da mai ƙarfi. Gwangwani na biyu, tsinin ya ɓalle ƙas! Na ruga wajen mai washi na bakin kasuwa. Bawan Allah ya fitar mata da sabon tsini, ta ɗan gajarce. Don ya burge ni kuma, ya bi gindinta da injin wai yana cire tsatsa. A nan lambar wuƙar take, 118. Injin ya cinye gefen takwas ɗin, ta koma 113. Na mayar da ita kube na ja bakina. Da maigidan ya dawo ya yi ta goge ta bai lura ba.

To bana ya shiga wani guruf na masu irin cutarsa a waya. Ya ɗora hotonta. Anti, sati uku ba a huta ba. Sun duba tsofaffin littattafan kamfanin, babu 113. Sun auna tsayinta, ba ta yi daidai da kowace ba. Sai suka yanke cewa ta gwaji ce, guda ɗaya tak aka ƙera a duniya. Yanzu Mai Ɗari da Sha Uku suke kiransa. Ya kira ƙannensa ya shaida musu ashe Baba babban mutum ne. Har ƙwalla ya yi, ni kuma na miƙa masa hankici.

Ranar Asabar wani tsoho da suke kira Farfesa zai zo gidanmu da gilashin ƙara girma, tare da mutum goma sha biyu. An ce shi da farce yake gane aikin inji. Ina son mijina, ba na so a yi masa dariya a falonsa. Na yi tunanin ɓatar da wuƙar, na yi tunanin in ce ɓarayi ne. In faɗa masa, ko in bar Farfesa ya faɗa?

Taki,
Mai Gwangwani Biyu

*

'Yar'uwa Mai Gwangwani Biyu,

Na yi dariya, sannan na tausaya miki. Batun ɓarayi ki ajiye shi. Wane ɓarawo ne zai tsallake talabijin da wuƙa ashirin da shida ya ɗauki ɗaya? Ramin ƙarya ƙurarre ne, naki ma ya kai bango.

Laifinki ba karya tsinin ba ne, kowa na iya yi. Shirun shekara shida ne, da hankicin nan da kika miƙa. Amma shi ma ba zai fita fes ba. Mutumin da ya goge abu shekara shida bai ga ya gajarce ba, ai ya rage cika baki. Kuma mai wuƙa ashirin da bakwai bai kamata matarsa ta rasa abin buɗe gwangwani ba.

Ki faɗa masa yau, kada ki kai Juma'a. Ku biyu kaɗai, bayan ya ci ya ƙoshi, kabad a kulle, makulli a hannunki. Ki fara da ba shi haƙuri, kada ki fara da zancen baƙi. Zai ji zafi, domin ba ƙarfen yake so ba, mahaifinsa yake gani a jikinsa. Ki bar shi ya yi fushinsa, kwana uku sun isa.

In ya huce, ki ba shi shawara ya sanar da guruf da kansa cewa ya zurfafa bincike ya gano 118 ce da aka gyara. Wanda ya kama kuskurensa masani ake ce masa, wanda Farfesa ya kama kuwa, sunan da za su sa masa har jikoki sai sun ji.

Kuma ki tuna masa abokansa ba su yi kuskure duka ba. Wuƙar nan babu irinta a duniya, kamfanin ne kawai suka kasa ganowa, alhali yana kicin ɗinsa yana dafa masa abinci. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya bar ku tare, ya kuma hore miki mabuɗin gwangwani.

Antinku