Farar Safar Hannun Baba

Malama Ok,

Ki taimake ni da shawara, don kaina ya kulle, lokaci kuma yana ƙure mini. Na yi wa surukina alkawarin da nake tsoron cikawa, nake kuma jin kunyar saɓawa. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ban iya gajarta magana ba, marigayi mijina ma da haka yake tsokanata.

Mijina Gyutae ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ni da 'yarmu Boram, tana sakandare. Mahaifinsa, wanda nake kira Baba, ya kusa tamanin, shi kaɗai yake zaune a wani ɗan gida kusa da mu a nan Bupyeong. Ban san yadda zan gode wa mutumin nan ba. Lokacin da dangi suka fara ƙus-ƙus a kan ko zan tattara na koma gidanmu, shi ne ya ce a gaban kowa ɗa ya rasa, bai rasa 'ya ba. Har yau duk Asabar sai ya zo mana da kifi ko tuffa, ya gyara famfon da bai lalace ba, ya sha shayi ya tafi. Sana'arsa tuƙi ce. Sama da shekara talatin yana jan shugaban wani kamfani a baƙar mota, da farar safar hannu, bai taɓa ko gogar bango ba.

Da bikin Chuseok, bikin kaka da ake ziyartar kaburburan iyali, ya matso bana, dole mu je Gochang, don a can kan tudun iyali aka binne Gyutae kusa da kakanninsa. Tikitin jirgin ƙasa kin san halinsa, kafin na gama danna waya ya ƙare. Bas kuwa Baba ba zai iya ba, tun da aka yi masa aiki a baya ba ya jure doguwar zama a takure. Motar mijina na sayar tuni. Ni kuma lasisina irin na cikin durowa ne, tun ina budurwa na karɓe shi na adana tare da takardar haihuwa. Duk da haka na yi ta maza, na ɗan koyi tuƙi na 'yan makonni, na je kamfanin haya. Niyyata ƙaramar mota, amma da na tuna bayan Baba sai na nuna babba: baƙa, doguwa, kujerun fata, ta baya har kwantawa take yi. Da na zauna a ciki sai na ji kamar an ba ni falo an ce na tuƙa.

Da safe na tsaya a ƙofar gidansa. Ya fito da jakarsa, ya ga motar, ya tsaya cak. Ni kuwa da rawar jiki na zagaya na buɗe masa ƙofar baya ta dama, wurin zaman manya, na ɗan rusuna. Ya daɗe yana kallon kujerar, har na ɗauka laifi na yi. Can ya cire hularsa ya shiga. Boram ta zauna gaba kusa da ni.

Cikin gari na sha wuya. Motar ta fi ƙarfin idona, ban san inda hancinta ya ƙare ba. Sai da muka zo hawa babbar hanya, motoci sun yi layi ba wanda ke son ba ni wuri, na kusa fashewa da kuka, sannan na ji muryarsa daga baya a hankali: “Maman Boram, sa sigina ki nuna masa hancin motar kaɗan. Mutane na ba da hanya in sun ga ka san inda za ka.” Wani mai farar mota ya sassauta, na shige. Baba ya ce na danna maɓallin fitilun nan masu ƙyaftawa, haka direbobi ke cewa an gode. Na danna. Tun daga nan har Gochang ina jin na gode wa rabin ƙasar nan.

Cunkoson Chuseok ba sai na ba ki labari ba, tafiyar safiya ta cinye mana yini. Amma ban taɓa jin daɗin hanya irin na ranar ba. Motar shiru, ba girgiza, Boram ta yi barci baki buɗe. Baba ya koya mini taka birki kamar akwai kofin shayi cike a cinyar wanda ke baya. Ya ba ni labarin Gyutae yana yaro, yadda yake ɓuya a but ɗin motar shugaban kamfanin don a tafi da shi. Ban taɓa jin labarin ba, na yi dariya har da hawaye. A wurin hutawa muka ci gasasshen dankali da miyar taliya, na dawo na tarar ya fito da hankicinsa yana goge gilashin gaba, motar da ba tamu ba.

Da muka isa ƙauye, ƙanen mijina Gyuho, wanda ya riga mu zuwa daga Gwangju, ya leƙa lambar motar ya ga harafin da ake sa wa motocin haya. “Au, matar yaya, ashe ta haya ce. Na ɗauka caca kika ci.” Wannan bai dame ni ba, halinsa ne. Abin da ya sosa mini rai shi ne da ya ƙara da cewa na ajiye Baba a baya kamar fasinjan tasi na sa yarinya a gaba, alhali in ɗan gida ne ke tuƙi, babba a gaba yake zama. Kunya ta rufe ni, don gaskiya ban san da wannan ba. Baba yana fitowa ya ce, “Kai, rufe mana baki. Shekara talatin ina kallon kujerar nan ta madubi, sai yau na san taushinta.” Kowa ya yi dariya, ni kuwa na juya baya na share hawaye.

To ga inda matsalar take. Bayan mun share kabarin, mun zuba barasar shinkafa bisa al'ada, mun durƙusa, muna saukowa daga tudu sai Baba ya rage tafiya har muka rage mu biyu. Ya ce in sabuwar shekara ta zo na sake ɗauko motar nan, ita ɗin dai, kuma daga mahaɗar ƙauye zuwa gindin tudu na ba shi ya ja. Ya ce ya kai mai gidansa ko'ina a ƙasar nan, amma bai taɓa kai kansa wurin ɗansa ba. Malama, me zan ce? Na ce to.

Baba yana da hawan jinin ido. Lasisinsa bai ƙare ba, amma likita ya ce ganinsa na gefe yana raguwa. Ni da kaina na ga mai keke ya wuce ta gefensa bai sani ba sai da ya ji ƙararrawa. Hanyar tudun nan siririya ce, gefe guda kwari, kuma lokacin sabuwar shekara ƙanƙara take yi. Boram za ta kasance a ciki. Na riga na rasa mutum ɗaya, ba zan iya sake rasa wani ba. Amma Asabar ɗin da ta wuce na kai masa abinci, na ga farar safar hannunsa a wanke, a shanye a baranda. Gyuho ya ce na ce kawai motocin haya sun ƙare. Ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba. Yaya zan yi da mutumin da ya riƙe ni lokacin da ba ni da kowa?

Mai Lasisin Cikin Durowa, Bupyeong

*

'Yar'uwa Mai Lasisi,

Da farko ki sauya wannan suna. Wadda ta ja babbar mota daga Bupyeong zuwa Gochang a cunkoson Chuseok ta dawo da kowa lafiya, lasisinta ya bar durowa.

Amsata a gajarce ita ce kada ki ba shi sitiyarin. Tsoronki yana kan hanya. Ido ba ya jin kunyar gwaninta, kuma ƙanƙara ba ta san ya yi shekara talatin ba tare da hatsari ba. Ga kuma batun haya: wanda aka rubuta sunansa a yarjejeniya shi kaɗai inshora ta sani. Amma kada ki fake da wannan, domin zai ce a ƙara sunansa, ki rasa ta cewa. Shawarar Gyuho kuwa ki bar masa abarsa. Tsohon direba zai gano ƙaryar tun kafin ki rufe baki, kuma abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya ga an fara lallaɓa shi kamar yaro.

Sai dai shi ma Baba yana da tasa gaskiyar, kada ki ɗauki roƙonsa rigimar tsufa. Uba ne da ya binne ɗansa, kuma abu ɗaya ya iya yi wa mutane duk rayuwarsa, ya kai su inda za su lafiya. Shi yake son yi wa ɗansa. Kin kuma ce to, don haka yana da hakkin ya ji daga bakinki cewa kin janye, da dalilin janyewar.

Ki same shi a gidansa tun yanzu, ku biyu, ba a gaban Gyuho ba, ba kuma ranar tafiya a bakin mota ba. Ki gaya masa abin da kika gaya mini, har da mai keken, har da cewa ba za ki iya sake rasa kowa ba. Ki ba shi haƙuri a kan amsawar da kika yi da gaggawa. In ya musa, ki roƙe shi ku koma wurin likitan ido tare, ya yi tambayar da bakinsa. Ina kyautata zaton ba za a kai ga haka ba. Mutumin da ya koya miki taka birki saboda kofin shayin wani ba zai so ya ɗauki jikarsa a hanyar da ba ya ganin gefenta ba. Mai yiwuwa ya fi ki sanin halin idonsa, yana jiran wanda zai faɗa masa cikin mutunci ne kawai. Zai iya yin fushi na 'yan kwanaki. Ki jure, ki ci gaba da kai abinci.

Kada kuma ki je masa hannu biyu da “a'a” kaɗai. Hanyar tudun nan a kan ƙanƙara ke ma ba ki taɓa bin ta ba, kina bukatarsa da gaske, ba don a faranta masa ba. Ki ɗauko motar, ita ɗin dai. A tafiya ya zauna gaba kusa da ke, kamar yadda Gyuho ya ce, ya faɗa miki inda za ki sassauta da inda za ki tsaya, daga mahaɗar ƙauye har gindin tudu. In hanyar ta yi santsi da yawa, shi zai yanke hukuncin a ajiye mota a ƙarasa da ƙafa. A dawowa ki buɗe masa ƙofar baya ta dama ya miƙe bayansa, don ke ma ba ki yi kuskure ba ranar farko.

Safar hannun kuwa, tunda an riga an wanke, kada a mayar da ita akwati. Ki roƙe shi ya ara miki. Za ta yi miki yawa, ki sa a haka. In kun isa, shi ne ya kai ku wurin Gyutae, da hannunki.

Ina yi muku fatan hanya mai sauƙi da sabuwar shekara mai albarka. Ki gaishe mini da Baba.

Malama Ok