Wufa biyu a motar gida

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Yaya Hajara da yara? Ni dai ina nan Fatakwal, ana ta fama.

A bakin wani direban Ƙafin Maiyaki na ji ka sayo wufa biyu, manyan lasifikan nan, za ka jona wa amfilifayar ƙara sauti da na aiko. Aikin wayarin mota nake ci da shi, amma sai a tasha nake jin labarin motar gidanmu. Ba komai.

Ranar Talata aka jawo mana wata mota gareji, bayanta ya ƙone ƙurmus. Mai ita ya haɗa wufa biyu masu awon om huɗu-huɗu, jar waya da ja, baƙa da baƙa. A haka om biyu suke komawa, su ja wuta fiye da kima, alhali amfilifayarsa huɗu take ɗauka. Da fis ya dame shi da yankewa, sai ya naɗa masa waya, har wuta ta tashi. Da ƙyar aka zaro 'yarsa daga kujerar baya, irin wurin da Inna ke zama in za ka kai ta asibiti. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Malam Iro mai rediyo da zai jona maka ya iya aikinsa, ban raina shi ba, amma ka ce masa ya fara karanta jikin amfilifayar. In huɗu aka rubuta, wufa ɗaya ta isa. In fis ya yanke kuma, kada a toshe masa baki da waya.

Ka gaida kowa, a sa ni a addu'a. Kafin in ji amsarka, don Allah Inna ta hau motar haya.

Yayanka,
Haruna