Musulmin da ake nema ni ne

Edita, ina gaishe ka da aiki, ina gaida masu karanta wannan fili. Roƙona kada a yanke mini hukunci tun ba a kai ƙarshe ba. Masu shirin yi mini wa'azi kuma su riƙe abinsu, na ji isasshe. Shawara nake nema.

Ni malamin gona ne a ƙasar Malumfashi, shekara uku ke nan da na gama jami'a. Tun ina ɗalibi nake fama da faɗuwar gaba. In zan rubuta rahoto hannuna rawa yake, in an ce babban jami'i zai zo rangadi sai in kwana uku abinci bai wuce mini ba. Ba na ce wannan hujja ba ce, amma ina ganin daga nan abin ya faro. Wata rana na je duba gonakin auduga a wata unguwar Maguzawa, sai wata dattijuwa, Inna Tabawa, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da jikoki, ta ga yadda nake kyarma, ta miƙo mini ƙwaryar giya. Na sha, ƙirjina ya lafa. Kafin shekara ta zagayo, ƙwarya ɗaya ta zama huɗu, duk hanyar da zan bi a babur sai ta bi da ni ƙofar gidanta. Sau biyu tana kore ni, tana cewa mai karatu irina bai kamata ya lalace a zaurenta ba. Na ji haushinta ƙwarai. Wa ya fara miƙo mini?

Wanda ya tsamo ni wani tsohon tela ne a Funtuwa, Malam Isiyaku. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce bayan asuba in zauna inda na yi salla, in yi istigfari da salati, sannan in yi shiru har rana ta fito. In ƙishirwar ta taso kada in yi kokawa da ita, in zuba mata ido kamar hadarin da zai wuce. Wata takwas yanzu ban sha ba, hannuna ya daina rawa, ko in ce ya rage.

Ga laifin. A makonnin farko na daina sha, da na ji ƙafata na jana gidan Inna Tabawa, sai na ga muddin tukunyarta na kan wuta ba zan tsira ba. Na rubuta wa dagaci takarda ba suna, na ce tana sayar wa Musulmi giya, abin da doka ta hana. Ban yi ƙarya ba. Sai dai Musulmin ni ne, kuma iyakar sanina ba wani. Na ɗauka gargaɗi za a yi mata. Ashe wani mai ido a kan fadamarta jira yake. Aka farfasa tukwanenta, aka yi ta jan maganar, yanzu dagaci ya ce ko ta faɗi sunan Musulmin a hukunta su tare, ko ta bar ƙasarsa kafin ruwan shuka.

Ranar rabon irin auduga ta tare ni bayan sito. Na durƙusa na ce Inna sannu, ba ta amsa ba.

"Takardar ta ce ina binne tulu a gindin rumbun marigayi," in ji ta. "Wa na taɓa tonowa a gabansa in ba kai ba?"

Na fara kame-kame, ta ɗaga mini hannu.

"Kada ka zaci girmanka nake gani da na yi shiru. Mu ba ma tona wanda ya sha a ƙwaryarmu. Ka je ka yi ta jan carbinka, ni da kai ba gaisuwa."

Tun ranar zaman safen ya ƙi ni. Da na yi shiru sai muryarta. Wani lokaci raina ya ɓaci, in ce ai ita ta jefa ni, me ya sa ni kaɗai zan ɗauka? Sai kuma in tuna ita ta kore ni sau biyu. Malam Isiyaku bai san komai ba, kullum nuna ni yake wa almajiransa a matsayin wanda Allah ya shirya. In na je gaban dagaci, mai yiwuwa aikina ya tafi, mahaifina ya ji, kuma ba ni da tabbas za a bar mata fadamar ko na yi magana. Abin da ya fi tsorata ni, kunyar na iya mayar da ni ga ƙwarya. In na yi shiru kuwa, tsohuwa za ta ɗaure kaya da jikoki uku saboda ta ƙi faɗin sunana.

Jiya hadari ya haɗo ta gabas, bai zubo ba. Na san na gaba ba zai wuce bai zubo ba.

Jama'a, me zan yi?

Wani malamin gona