Na Sare Sabarar Maigidana

Malama, don Allah ki taimake ni. Abu ne ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan faɗa wa ba tare da ya yi mini dariya ba.

Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Tela ne, amma ransa na kan ɗan lambunmu na bayan gida, inda yake shuka kabewa da kuɓewa. A jikin katanga akwai sabarar da ya ciro daga daji ya dasa. Shekara goma ina yi masa tsiya, mutane na shuka furanni masu kyau, shi ya kwaso mana daji har gida. Sai dai ya yi murmushi.

Kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya roƙe ni in kula masa da ma'aikatansa, kada su rasa abinci. Na ɗauka zafin ciwo ne, don daga shi sai kekensa a shagon nan.

Bayan rasuwar, ƙudan zuma ya harbi jikata a fatar ido, fuska ta kumbura suntum. Raina ya ɓaci, na ɗauki adda na sare sabarar har ƙasa, tunda a kanta suke taruwa. Bana kabewa ta yi fure, furen ya yi ta zubewa, ko ɗa guda ba ta yi ba. Lambun ya yi tsit. Ina tsaye cikin shirun nan na tuna yadda yake leƙawa da safe yana cewa ma'aikata sun fito. Wallahi ashe ƙudan zuman nan yake nufi.

Yanzu 'yata, don tsoron kada a sake harbin yarinyar, tana so a tone kututturen a shafe wurin da siminti. Ni kuwa gani nake na ci amanar mamaci. Yaya zan yi?

Matar Tela

*

Mama, Allah Ya jiƙan maigida, Ya ba ki haƙuri.

Ba ki ci amana ba. Jikarki kika kare, kuma a lokacin ba ki gane maganarsa ba. Tsoron 'yarki ma yana kan hanya, kada ki raina shi. Amma shi ma marigayi ya san abin da yake yi: ƙudan zuma ne ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, in babu su kabewa ba ta haihuwa, kuma sabarar ce ke riƙe su a gidan.

Ki hana a tone kututturen. Ki kewaye shi da ɗan shinge saboda yara, ki daina fesa magani a lambun lokacin fure. Ki ajiye kasko da ruwa kaɗan da tsakuwa a ciki, su sami wurin sha. Ki zaunar da 'yarki ki faɗa mata wasiyyar ubanta, don da alama ba ta ji ba.

Sabara ba ta cika mutuwa da sara ba, daga gindi take sake tohowa. Gobe da safe ki je ki share ƙasar da ke jikin kututturen, ki duba da kyau. Ina kyautata zaton tana nan da ranta.

Allah Ya dawo miki da ma'aikatansa lafiya.