Ƙofar Baba Ba Za Ta Fita Ba

Yaya Mutari,

Sannu da hanya. Na tarar kana barcin gajiya, ni kuma na makara zuwa karatu a lakkol, shi ya sa na bar maka wannan.

Kada ka taɓa ƙofar gida, verni, man ƙyallin katako da muka shafa mata, bai bushe ba! A buɗe na bar ta, ka raɓa ka wuce.

Na san ka ce rana ta gama cinye ta, yau mai walda zai zo ya sa ta ƙarfe. To jiya na kira Isaka kafinta, na ce ya ɗan kankare tsohon fentin mu gani kafin a jefar. Yaya, katakon lafiyarsa lau, ja wur! Sama-sama kawai ya tsage. A ƙarƙashin fentin kuma sai ga zanen kwalekwale da kifi biyu. Inna na gani ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi hannun babanku ne, a garin Saga ya sassaƙa ta shekarar aurenmu." Tana dariya tana share hawaye.

Mun goge, mun cike tsagar, mun shafa verni hannu na farko. Saura biyu.

Ka yi haƙuri ban jira ka ba. Don Allah ka ce wa mai walda ya yi mana 'yar rumfar kwano a samanta, ta tare ranar yamma.

In kuma har yanzu cirewa za ka yi, Inna na nan bakin ƙofa kan kujerarta tun safe. Da ita za ka yi magana.

Ƙanwarka,
Balkissa